Magatakardan da Bai Iya Hausa Ba

A ƙasar Hausa an daɗe ana raba aikin magana da aikin rubutu tsakanin mutum biyu. Sarki yana da magatakarda, alƙali yana da muhuti, attajirin fatake yana da malamin da ke riƙe masa lissafi da Ajami. Bayan zuwan boko ma al'adar ba ta mutu ba, wurin zama kawai ta sake. Waɗanda suka girme ni kaɗan za su tuna masu ɗan teburi a bakin gidan waya da ƙofar kotu, waɗanda tsohuwa za ta zauna a gabansu ta zayyana abin da ke ranta ga ɗanta da ke Ikko, a rubuta, a karanta mata, ta gyaɗa kai ta ce haka ne, sannan a liƙa kan sarki. A ofisoshi kuwa akawu ne da tafiretarsa. Mu kuma a makaranta mun san abin da sunan shifta: malam yana karantawa, muna rubutawa, kowane kuskure da hukuncinsa.

Yau kwamfuta ce ke neman wannan kujera. Manhajojin da ke sauraron murya a kwamfuta iri biyu ne, ko da yake masu talla sukan cakuɗa su. Akwai mai ɗaukar shifta, wadda za ka yi magana ta mayar da ita rubutu a kan allo. Akwai kuma 'yar aike, wadda za ka ce ta buɗe maka wasiƙa, ko ta tuna maka da taron ƙarfe huɗu, ko ta gaya maka yadda gari zai kasance gobe. Na yi mu'amala da duka biyun na tsawon lokaci, kuma ra'ayina a kansu ba ɗaya ba ne. 'Yar aiken, a wurin mai lafiyar hannu da ido, yawanci abin wasa ce. Mai ɗaukar shiftar kuwa babban al'amari ce, kuma a kanta nake so mu ɗan zauna da mai karatu.

Abin ya fi yadda matasa ke zato tsufa. Tun a 1952 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka haɗa wata na'ura mai suna Audrey, wadda iyakar iliminta shi ne gane lambobi daga sifiri zuwa tara, shi ma sai in muryar da ta saba da ita ce. A 1962 kamfanin IBM ya nuna Shoebox a bajekolin duniya na birnin Siyatul, ita kuma kalmomi 16 ta sani. Ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba kuɗi a binciken daga 1971 zuwa 1976, abin da ya haifar da Harpy ta Jami'ar Carnegie Mellon mai kalmomi 1,011, wato ƙamus ɗin yaron da bai daɗe da fara magana ba. Sai a 1990 abin ya shigo kwamfutar da mutum zai ajiye a ɗakinsa, lokacin da kamfanin Dragon Systems ya fitar da DragonDictate a kan kusan Dala 9,000. Duk da wannan tsada, dole mai magana ya riƙa tsayawa bayan kowace kalma, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya karatu. A 1997 ne Dragon NaturallySpeaking ta zo, wadda ke karɓar magana a jere yadda mutum ke yin ta, kuma a shekarar IBM ya fito da tasa mai suna ViaVoice.

Labarin waɗanda suka kafa Dragon ya cancanci a ɗan ratsa ta kansa. Miji da mata ne, James da Janet Baker, masana da suka kafa kamfanin a 1982. A shekarar 2000 suka sayar da shi ga wani kamfanin Beljiyam mai suna Lernout & Hauspie a kan kimanin Dala miliyan 580, amma ba tsabar kuɗi aka ba su ba, hannun jari ne. Kafin shekarar ta ƙare sai asiri ya tonu cewa littattafan lissafin kamfanin na Beljiyam cike suke da cinikin ƙarya, ya durƙushe, takardun hannun jarin suka zama shara. Suka rasa kuɗin, suka rasa fasahar da suka shafe shekaru kusan ashirin suna renonta. Dragon ta yi ta sauya hannu har ta faɗa gidan Nuance, wanda Microsoft ya sanar da saye a 2021 a kan Dala biliyan 19.7.

Wanda bai san yadda waɗannan manhajoji ke aiki ba zai ɗauka ji suke yi irin na mutum. Abin da ke faruwa shi ne, na'urar tana yayyanka sautin da ya shiga makirufo zuwa gutsattsari ƙanana ƙwarai, ta auna kowanne, sannan ta yi kirdadon wace kalma ce ta fi dacewa da wannan sauti, kuma wace kalma ce aka fi saba gani bayan wadda ta gabata. Kirdadon nan kuwa daga abin da aka ciyar da ita yake fitowa, wato dubban sa'o'i na muryoyin mutane haɗe da rubutun abin da suka faɗa. Kamar yaro ce, harshen gidan da ya tashi shi zai iya. In kirdadon ya kuskure, abin dariya yakan fito. A 2006, a gaban taron masu nazarin hannun jari, wani ma'aikacin Microsoft ya tashi nuna gwanintar Windows Vista, ya fara wasiƙa zuwa ga uwa, na'urar ta rubuta zuwa ga goggo, da ya yi ƙoƙarin gyarawa sai ta dinga rubuta umarnin gyaran a cikin wasiƙar. An yi nisa daga wancan lokaci. Tun da aka koma ga salon ƙirƙirarriyar basira mai koyo daga ɗimbin misalai, Turancin da ake yi a ɗaki marar hayaniya ya zama abin da na'ura ke rubutawa da ɗan kuskure kaɗan. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2016 ya nuna cewa shifta ta fi buga rubutu a allon waya sauri kusan ninki uku.

Abin da ya sa na damu da wannan batu shi ne Baffana, ƙanin mahaifina. Tsohon hedimasta ne, yana cikin malaman da suka ɗauki nauyin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da aji ɗaya kan cika har yara su zauna a taga. Hawan jinin ido ya ci ganinsa a hankali, har ya kai yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Shekara da shekaru yana tara bayanai a kan tarihin garinmu: wa ya sari wace unguwa, yaushe kasuwa ta tashi daga gindin tsamiya ta koma bakin hanya, yadda aka yi da mutane a farin 1973, waɗanne gidaje ne suka ƙi ba da 'ya'yansu boko da abin da aka yi musu. Yawancin tsofaffin da ya ji waɗannan abubuwa daga bakinsu sun riga mu gidan gaskiya. Littattafan da ya cika da rubutun hannunsa suna nan cikin akwati, amma taƙaitattun alamomi ne da shi kaɗai ya san fassararsu, shi kuma ba ya ganinsu. Littafin yana cikin kansa, kuma shekarunsa sun haura tamanin.

Na zama magatakardansa na ranar Asabar. Sai dai ranar Asabar ɗaya ce a mako, tafiyar kuma ba kusa ba, shi kuwa tunani yakan zo masa ne bayan sallar Asuba, ko tsakar dare in barci ya ƙi. Shi ya sa na kai masa tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka da makirufo mai maƙalawa a kunne, na koya wa jikarsa yadda za ta kunna masa, da fatan ya sami magatakardan da ba ya gajiya.

Da Turanci muka fara gwaji, kuma a nan na sha mamaki. Na'urar ta fi jin Turancin Baffa a kan nawa. Shi ɗan tsohuwar kwalejin horon malamai ne, yana furta kowace kalma a natse har ƙarshenta, ba ya haɗiye harafi, ba ya sauri. Ya yi sakin layi guda, kuskure biyu ko uku kawai muka samu, su ma a sunayen mutane. Ni kuwa da na karɓa, sai tsohuwar rigimar Bahaushe da haruffan p da f ta tashi, na'urar ta dinga ba ni kalmomin da ban aike ta ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2020 wasu masu bincike a Stanford sun gwada manhajojin Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft, suka tarar cewa a cikin kowace kalma ɗari suna kuskuren kimanin 19 in farar fatar Amurka ke magana, amma kimanin 35 in baƙar fatar Amurka ne. Waɗannan fa mutane ne da aka haifa cikin Turanci.

Da muka juya Hausa, da wata manhaja da ta sa Hausa cikin jerin harsunanta, sai labari ya sha bamban. Gajerun jimloli na yau da kullum, irin su gaisuwa da tambayar farashi, takan kama su. Amma Baffa ba gaisuwa ya zauna yi ba. Ya ce baƙi sun sauka a ƙofar gari, ta rubuta baki sun sauka a kofar gari. Ya ce matar Sarkin Noma ta yi ɓari a shekarar, ta rubuta bari. Inda abin ya fi muni shi ne wurin da ya kawo wata ruwaya da bai yarda da ita ba, ya ce wannan ƙarya ce, na'urar ta cire ƙugiyar. Da na karanta masa abin da ke kan allo yadda yake, ya yi shiru, sannan ya ce, “Wanga magatakarda naka, a gidan wa ya tashi?”

Tambayar tana da amsa. A intanet ya tashi, kuma Hausar intanet mafi yawanta ba ta da ƙugiya, domin an ɗauki shekaru masu yawa wayoyi da kwamfutoci ba su da ɓ da ɗ da ƙ a kan madannansu, mutane suka saba da rubutu haka, har wasu kafafen labarai ma. Ba ta kuma kula da rabon kalma. Ya yi da yayi duk ɗaya ne a wurin mai rubutun waya, haka a kan da akan, alhali ma'anoninsu sun yi hannun riga. Ƙa'idojin nan ba daga sama suka faɗo ba. An sha wahala a kansu tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya wallafa a 1912, zuwa ƙamus ɗin Bargery na 1934, da aikin hukumar fassara da talifi ta Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, har zuwa taron Yamai na 1980 da ya nemi daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Na'urar da ta koyi rubutu daga abin da ya fi yawa, ba daga abin da ya fi inganci ba, tana iya rushe wannan gini ba tare da kowa ya yi niyyar rushe shi ba, don kuwa ɗalibi zai ga abin da kwamfuta ta rubuta ya ɗauka shi ne daidai.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar makaho. Tsohon marubucin wasiƙa yakan karanta wa mai wasiƙa abin da ya rubuta, kuma wannan karantawar rabin aikin ce. Makafi masu aiki da Turanci suna da manhajojin da ke karanta musu allo, irin su JAWS, da NVDA wadda wani makaho ɗan Ostareliya ya fara a 2006 kuma kyauta ake ba da ita. To amma rubutun boko na Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya na jiki da wuya ta wahala, fari na launi da fari na rashin ruwa. Bahaushe yana karantawa ya san wanne ake nufi, domin jimlar tana gaya masa. Muryar na'ura kuwa sai ta zaɓi ɗaya ta yi ta maimaitawa, in ma ba da lafazin Turanci ta karanta duka ba, ya zama ba Hausa ba Turanci. Baffa ya saurari minti ɗaya ya ce a kashe.

Ga kuma karin harshe. Mu mutanen yamma ne. Baffa in zai rubuta da hannunsa daidaitacciyar Hausa yake rubutawa, wadda ya koyar shekara talatin da biyar, amma in hira ta yi daɗi bakinsa gida yake komawa: biyat a maimakon biyar, hwara a maimakon fara, wanga da wagga. Na'urar, ɗan abin da ta sani na Hausa ya fi karkata ga ta Kano da ta masu karanta labarai, sai ta ɗauki waɗannan kalmomi ta maye su da wasu masu kama da su a sauti. Ina tunanin yadda za ta yi da mutumin Damagaram, ko na Gobir, ko Bahaushen zangon Kumasi.

Bayan mako uku sai Baffa ya kawo shawarar da ta hana ni barci. Ya ce, “Ɗana, tun da abin nan Turanci shi ka ji, mu yi littafin da Turanci mana. In Allah Ya sa an gama, wani ya fassara.” Ta fuskar lissafi yana da gaskiya. Da Turanci zai iya aiki kullum, shi kaɗai, ba sai ya jira Asabar ba, kuma mai shekara tamanin ya fi kowa sanin darajar mako guda. Na ce masa, “Baffa, a ba ni lokaci in yi tunani,” ko da yake na riga na san abin da zan ce.

Littafin da zai fito da Turanci wani littafi ne dabam. Na zauna da shi na ji yadda yake ba da labari da harsunan biyu. Da Turanci hedimasta ne ke rubuta rahoto ga jami'in ilimi: shekara kaza aka yi kaza, mutum kaza suka mutu. Da Hausa kuwa muryoyin matattu ne ke dawowa, da kirarin da ake yi wa kowane mai unguwa, da habaicin da matan gari suka yi wa mai karɓar haraji, da sunayen ciyayin da aka ci a lokacin yunwa, waɗanda shi kansa bai san sunansu da Turanci ba. Kuma su wa za su karanta? Mutanen da tarihin ya shafa, jikokin waɗanda aka ambata, da Hausa za a karanta musu a zaure. Fassarar da ake cewa wani zai yi daga baya, mun san yadda irin wannan alkawari yake ƙarewa.

Abin da ya faru a ɗakin Baffa zai faru a wurare da yawa, kuma ba wanda zai lura. A zamanin tafireta da madannan kwamfuta, wahalar rubuta Hausa da ta Turanci kusan ɗaya ce, in ka cire neman ƙugiya. Yanzu kuwa an sami hanyar da ta fi sauri ninki biyu ko uku, amma ga harshe ɗaya. Lauya da likita da ɗan jarida da ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, duk wanda ya iya harsunan biyu zai ga ɗaya yana gudu ɗaya yana rarrafe, kuma ba sai an yi masa wa'azi ba zai san wanda zai hau. Da haka Hausar da ake rubutawa da kyau za ta ragu, na'urar kuma da ita take koyo, sai tazarar ta ƙara faɗi.

Ba na so a fahimce ni kamar mai cewa shifta ba ta da aibi ko da ta iya harshen. Magana zarar bunu ce, rubutu kuwa ana yi ana gogewa. Na lura in na yi wa na'ura shifta, jimlolina sukan yi tsawo, in yi ta maimaita abu ɗaya ta hanyoyi uku kamar mai jawabi a taron biki, kuma lokacin da na samu wajen sauri yakan tafi wajen yankewa. Dole kuma ka riƙa furta alamomin rubutu da bakinka, ka ce waƙafi, ka ce aya, ka ce sabon sakin layi, abin da ke katse zaren tunani. Sannan tana son shiru, mu kuwa gidajenmu ba a san su da shiru ba. Ƙarar janaretan maƙwabci kaɗai ta isa ta mayar da magana shirme, balle sallamar baƙo, wadda ita ma na'urar za ta rubuta a tsakiyar babi.

Akwai kuma tambayar da Baffa ya yi tun ranar farko, wadda yawancin masu ilimin zamani ba sa yi: in na yi magana, wa ke ji? Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji ba a cikin kwamfutarka suke aikin ba, tura muryar suke yi ta intanet zuwa rumbunan kamfani. A 2019 rahotannin 'yan jarida suka bayyana, ɗaya bayan ɗaya, cewa Amazon da Google da Apple da Microsoft duk suna da mutanen da aka ɗauka haya suna sauraron wani kaso na muryoyin da aka naɗa don a gyara kuskuren na'ura, kuma a ciki har da maganganun da aka naɗa bisa kuskure, na asibiti da na cikin ɗaki. Apple ya nemi afuwa a watan Agusta na shekarar, kuma a farkon 2025 ya amince ya biya Dala miliyan 95 don a kashe wata ƙara a kan Siri, ko da yake bai amsa laifi ba. Tarihin gari cike yake da abin da ba a faɗa a kasuwa: asalin wasu gidaje, da rigingimun sarauta da har yau ba su huce ba. Baffa yakan faɗi abu don in fahimta, sannan ya ce kada in rubuta. Magatakarda na mutum ya san wannan umarni.

Game da 'yar aike ba ni da dogon bayani. Siri ta fito a 2011 a wayar iPhone, ta iso kwamfutocin Mac a 2016. Microsoft ya sa Cortana cikin Windows 10 a 2015, sunan ma daga wani wasan bidiyo aka aro shi, aka yi ta yayata cewa kowa zai riƙa hira da kwamfutarsa, amma a 2023 kamfanin ya yi mata ritaya. Dalilin a ganina a fili yake. Wanda hannunsa ke kan madannai, idonsa na kan allo, ba ya bukatar ya roƙi kowa ya buɗe masa fayil, zuwa da kai ya fi aike, kuma ba mai son ya riƙa yi wa na'ura magana a ofis mai mutum shida. Inda abin ya zama alheri na gaske shi ne wurin wanda hannunsa ya shanye, ko ya rasa shi a hatsari. Voice Access da ke cikin Windows 11 tun 2022 tana ba irin wannan mutum damar sarrafa kwamfuta gaba ɗaya da murya, ba tare da intanet ba. Da Turanci kaɗai ta fara, daga baya aka ƙara Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci.

Ba a tsaye ake cik ba. Whisper, wadda OpenAI ya saki a 2022 kowa ya ɗauka kyauta, tana da Hausa a jerinta, kuma ana iya aiki da ita a cikin kwamfuta ba tare da tura murya ko'ina ba. Sai dai a duba rabon: cikin sa'o'i 680,000 da aka horar da ita da su, kusan kashi biyu bisa uku Turanci ne, harsuna 96 kuma suka raba sa'o'i 117,000 a tsakaninsu. A 2023 kamfanin Meta ya fito da tsarin da ke gane harsuna fiye da 1,100, kuma da ya rasa muryoyi sai ya koma ga karatun Sabon Alkawari da aka naɗa a waɗannan harsuna, kimanin sa'o'i 32 ga kowane harshe. A ƙarshen 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan Afirka da za a iya bincike da shifta da su ta murya a waya. Kowanne cikin waɗannan ci gaba ne, amma duk suna nuna abu guda, cewa abincin da ake ba na'urar da Hausa ɗan kaɗan ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Hausa ba matalauciyar murya ba ce. Harshe ne na rediyo. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, ga gidan rediyon Kaduna da na jihohi da na Nijar, ga dubban finafinai, ga kasakasan wa'azi da tafsiri da ba su ƙirguwa. Abin da babu shi ne rubutun waɗannan muryoyi, kalma da kalma, bisa ƙa'ida, da ƙugiya da rabon kalma, daga bakin maza da mata, yara da tsofaffi, Kano da Sakkwato da Damagaram. Wannan aiki ne na sassan Hausa na jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda ke yaye ɗaruruwan ɗalibai kowace shekara da suka san ƙa'idar rubutu kuma suke neman abin yi. Akwai ma shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda aka fara a 2017, inda kowa zai iya karanta jimloli ya ba da muryarsa sadaka, kuma Hausa tana ciki. Sharaɗin da zan sa kawai shi ne a san mai abin tun kafin a fara. In jami'a ko gidan rediyo suka tara irin wannan taska, kada a miƙa ta ga kamfani ɗaya ya kulle, daga baya ya sayar mana da muryoyin iyayenmu da Dala.

Da Baffa dai mun tsaya a kan Hausa, da wani tsari na tsaka-tsaki. Bayan Asuba, kafin gari ya tashi da hayaniya, jikarsa takan kunna masa rikoda a waya ya yi magana iyakar son ransa. Ranar Asabar in kwashe, in bi da su ta manhajar da ba ta bukatar intanet, ta ba ni ɗanyen rubutu mai kama da gonar da ba a nome ba, in zauna da abin sauraro a kunne ina mayar da ƙugiyoyi, ina raba kalmomi, ina cire abin da ya ce kada a rubuta. Sa'a ɗaya ta maganarsa takan ci mini sa'o'i huɗu ko biyar, amma ta fi bugawa daga farko sauƙi. Mako na gaba in karanta masa da bakina, ya gyara. Mun gama babi shida, mun tsaya a ƙarshen farin 1973. Na gaba shi ne na jangali, kuma ya riga ya gaya mini akwai sunayen arɗaɗɗa da na rugage masu yawa a ciki, don haka in taho da biro da takarda.